Ƙwan da Baffa Ya Ƙona

Jiya da hantsi maƙwabcina ya tara ɗanyen ganye a bayan katanga ya cinna masa wuta. Warin hayaƙin na shigowa na ajiye alƙalami, domin wani ɓacin rai ya taso mini wanda ya girmi 'ya'yana duka. Bari in faɗa maka mafarinsa.

A ƙauyenmu na ƙasar Roni, kakata ta wajen uba tana da 'yar gayauna a gindin dutse. Wake kaɗai take shukawa, wani iri ja mai laushin fata da ta zo da shi daga ɗakin mahaifiyarta. Duk garin ba mai shi sai ita. A shekarar da nake ba ka labari ƙwari sun shiga tulun irinta, ɗan abin da ya tsira duka ta zuba a ƙasa. In gonar ta lalace, irin ya tafi ke nan.

Kaka ba ta duba shuka ta sama. Da sassafe, raɓa na jiƙa mana bakin zane, sai ta durƙusa, ta yi bismillah, ta juya ganye. A nan ta koya mini ƙwan ƙwari yadda Malam ya koya mini baƙi da wasali. Wanda aka zuba a dunƙule aka lulluɓe da gashi kamar auduga, na tsutsa ne, a murje shi. Wanda ya jeru kamar 'yan tuluna masu murfi, na ƙwaron nan mai wari ne da ke tsotse wake tun yana ɗanye. Akwai kuma wani rawaya, a tsaitsaye, a cunkushe, kullum kusa da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu sa ganye danƙo.

"Wannan ki bar shi," in ji Kaka. "Uwarsa 'yar jar nan ce mai ɗigon baƙi. Inda abinci yake ta ajiye 'ya'yanta. Su za su cinye mana darɓa."

Tsakiyar damina aka yi rasuwa a Gwiwa, Kaka ta tafi zaman makoki. Ruwa ya ɗan ɗauke, darɓa ta fara kama waken. Baffa, yayan mahaifina kuma mai gidanmu, ya leƙa gonar. Mutum ne da bai taɓa tambayar kowa komai ba. Ya juya ganye ɗaya, ya ga rawayan ƙwai a tsakiyar darɓa, nan take ya yanke hukunci. Ya tara mu yaran gida.

"Ga ƙwanta nan, shi ya sa take yaɗuwa. Duk ganyen da ke da shi ku tsinke."

Na ce, "Baffa, Kaka ta ce a bar shi."

"Ke, rufe mini baki! Ƙwan da aka samu a akurkin kaza na shaho ne?"

Aka yi mini dariya. Aka tsinke, aka tara, aka ƙona. Ganyen da ke cike da darɓa ba ƙwai kuwa aka bar shi, wai ba ta da magaji.

Kafin Kaka ta dawo gonar ta yi baƙi, ganye ya nannaɗe, fure ya zube. Ta juya ta dubi Baffa.

"Ɗan nan, da ka jira ni."

"Inna, haƙuri za ki yi. Haka Allah Ya ƙaddara."

Wannan kalma ce ke ci mini rai har gobe. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Ubangijin da Ya ƙaddara Shi Ya ba Baffa kunne, Ya kuma aiko masa gaskiya a bakin yarinya, ya take ta. Mutum ya yi ɓarna da hannunsa, sannan ya laɓe bayan sunan Allah! Allah Ya jiƙansa, ina sa shi a addu'a, amma ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Yau Baffa ya yi yawa a duniya. Samari na ratsa gona da tankin feshi a baya, ba mai durƙusawa, mai ci da mai tsaro duk kashewa ake. Na nemi waken nan a kasuwar Kazaure, na aika Babura, na sa masu zuwa Nijar su duba mini, shiru. Ran nan jikata ta tambaye ni yadda ɗanɗanonsa yake. Na buɗe baki zan faɗa mata, na tarar ni ma na manta.