Barewar da Goggo Ta Koya wa Gudu

Duk wanda ya taɓa shiga gidan namun dajinmu ya san Goggo. Ita ce tsohuwar nan mai takalmin roba har gwiwa, da bokiti a hannu, wadda ke daka wa mutane tsawa in sun tsokani dabba. Yayar babanmu ce. Ni kuwa 'yar ƙaninta, ni ke zama bakin ƙofa ina yagar tikiti, don haka abin da zan faɗa ba jin-ji-ta ba ne, a gabana aka yi shi.

Ba da niyya aka kafa gidan ba. Kakanmu direban babbar mota ne. Wata rana ya banke dila a hanya, ya sauko ya tarar ƙafarta ce ta karye, sai ya naɗe ta a buhu ya kawo ta gida. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Dila dai ta warke, unguwa ta ji labari, aka fara tururuwar zuwa kallo. Daga nan duk wanda ya tsinci mikiya mai karyayyen fiffike, ko ɗan birin da aka kashe uwarsa, sai ya nufo ƙofarmu. Da tsakar gida ta cika, tsohon ya kwashe su zuwa filinsa na bayan gari, ya kafa keji, ya haƙa wa kada rami ya shafe da siminti. Goggo tana yarinya a lokacin, sa'o'inta na wasan 'yar tsana, ita tana wanke wa jimina gyambo. Ta yi aure, ta zauna iya shekarun da Allah ya ƙaddara, mijin ya rasu, ta dawo ta ɗauki bokitinta kamar jiya ta ajiye shi.

Masu zuwa kallo kuwa, sai dai addu'a. Mutum zai wuce bushiya, ya wuce gauraka, ya zo ya riƙe ƙugu ya ce, "To ina zakin?" Zakin nan tun ina goye ya mutu. Wani kuma ya tsaya kan kada ya ce ai wannan na roba ne, tunda ba ya motsi. Goggo sai ta ce, "Miƙa hannu ka taɓa mana, ɗan nan, ai kana da guda biyu." Amma in 'yan makaranta suka zo, sai ka ga ta yi laushi. Takan zaunar da su a gindin bishiya, ta ɗora musu hannu a kan ƙoƙon kunkuru ɗaya bayan ɗaya, tana gaya musu yadda kowace dabba ta zo gidan da wanda ya ji mata ciwo.

Abin da mai kallo ke gani rabin gidan ne. Dabbobin gaba su Goggo ke kira 'yan gida, wato makafi da guragu da waɗanda ba za su iya komawa daji ba. A baya akwai wani fili da aka kange da kwanon rufi, can baƙi suke, masu jinya su warke a mayar da su. Dokarta a kansu mai tsanani ce. Ba a raɗa wa baƙo suna, ba a yi masa magana, abinci ta wata kafa ake tura masa don kada ya ga hannun da ya ba shi. Ta ce dabbar da ta saba da mutum, in ka sake ta a daji, yanka ta ka yi da wuƙar wani.

Sai ga shi ita da kanta dokar ta ci. Wani manomi ya kawo 'yar barewa, cibiyarta ko bushewa ba ta yi ba, uwar ta mutu a tarkon waya. Wannan ba ta kafa za a ciyar da ita ba. Goggo ta sayo bulumboti irin na jarirai, ta shimfiɗa mata buhu a ɗakinta, ta rungume ta a ƙirji saboda sanyi. Suna dai ba ta raɗa mata ba, amma me ya rage? Barewa ta tashi tana bin ta kicin, tana bin ta wajen kada, tana cusa hanci cikin zaninta. Tun da mijinta ya rasu ban ƙara jin Goggo tana dariya ita kaɗai ba sai a wannan lokaci.

Da ta girma, ƙahonninta suka tsiro, aka kira ma'aikacin gandun daji ya duba ko ta isa saki. Yana shiga filin, barewa ta taho da sassarfa ta lashi hannunsa. Ya girgiza kai.

"Mama, wannan ba ta gudu. Ranar da muka sake ta, ranar za ta bi maharbi har gida."

Babanmu, ga alama, daɗi ya ji. Ya ce, "Yaya, to ai shi ke nan. A bar ta a gaba, yara su riƙa shafa ta. Ke ma kin samu abokiyar hira."

Na san Goggo tana so. Wallahi tana so. Sai ta ce, "Ƙafarta huɗu lafiya, idonta lafiya, me ta yi da zan ɗaure ta? An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwarta gudu take yi, ni na koya mata rarrafen, ni zan kwance mata shi."

Aka kai barewa baya. Da farko mu ta tura mu firgita ta, amma a banza, in mun kore ta sai ta ruga bakin shinge tana neman Goggo. Muddin akwai mutum ɗaya da ta yarda da shi, ba za ta ji tsoron sauran ba. Don haka Goggo ta zuba tsakuwa a gwangwani, ta ɗauki tsumagiya, ta shiga da kanta. Ta kaɗa gwangwani, ta fyaɗa tsumagiya a ƙasa, ta yi ihu. Barewa ta yi tsalle ta zagaya, ta ɗauka wasa ne, ta dawo ta cusa hanci a zaninta. Gobe haka, jibi haka. Sabo turken wawa.

Ranar da Goggo ta zuba mata tsumagiyar a gadon baya, ina leƙe ta kafar kwano. Barewa ta tsaya cak tana kallonta, jikinta na ɓari. Goggo ta ƙara mata. Raina ya ɓaci ƙwarai, tana fitowa na tare ta.

"Haba Goggo! Wannan ai mugunta ce. Ke fa kika raine ta."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "'Yar nan, wanda zai kama ta da ɗanyar ciyawa zai zo a hannu, ba da bulala ba." Ta tsuguna bakin famfo tana wanke bokitin da yake wankakke.

Haka ta yi ta yi har damina ta kama. Goggo ta rame, abinci sai an matsa mata. Ni dai na daina leƙawa, zuciyata ba ta iya ɗauka. Da ma'aikacin ya dawo, ko ƙofar bai gama turawa ba barewa ta yi ƙuryar fili kamar an harba ta. Goggo ta shiga bayansa, hannu sake, ba gwangwani ba tsumagiya. Barewa na ganinta ta nemi haura kwanon. Mutumin ya ce ta isa saki.

Tare muka je gandun, ni da Goggo a gaban mota kusa da direba, barewa cikin akwati a baya. Aka sauke shi a bakin wani fadama, ciyawa ta yi kore shar. Kafin a zare murfin na ga Goggo ta tura gefen mayafinta a baki ta cije, don kada wani sauti ya kuɓuce mata. Aka zare. Barewa ta fito a guje, ta keta ciyawa, ta ƙetare wani kwazazzabo, ta nufi itatuwa. Ni kuwa a raina roƙo nake ta tsaya ko sau ɗaya, ko don tsohuwar nan.

Idon Goggo ba ya kai nesa. Ta cire mayafin daga baki, ta kama hannuna.

"Ta waiwayo?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce, "A'a, Goggo. Ko kaɗan."

Ta ce, "Madalla. Allah ya sa kada ta taɓa waiwayowa."

Ta saki hannuna ta juya wajen mota. Hawa ya gagare ta, sai da direban ya zagayo ya tallafe ta.