Alhamis, Bakwai da Kwata

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo, kowa a Jibiya babur yake saye, mijina kuwa madubin hangen nesa ya sayo. Na yi masifa har na gaji. Bayan magariba yakan auna tauraron ɗan'adam sau uku, ina duba masa agogo, ya lissafa hanyarsa da ranar dawowarsa.

Babbar mota ta banke shi a hanyar Maraɗi. Ina takaba na ga rubutunsa: Alhamis, bakwai da kwata. Ran Alhamis bayan magariba na fito tsakar gida, sai ga tauraron ta wajen garin Daddara, ko minti bai ƙara ba. Na tsaya da agogo a hannu, babu wanda zan ce wa lissafinka ya yi daidai.