Ragon Sunan da Ya Riga Ni Haihuwa

Jiya na ga wani rago yana cin kwali a ƙofar tsohuwar ma'aikatata ta robobi a Sharaɗa. Sai da na tsayar da mota ina dariya ni kaɗai.

A farkon shekarun tamanin ne. Ni da na taso daga dako har na kafa kamfani, na ɗauka haihuwa ma oda ce, ka biya a kawo maka. Tun kafin mu tafi Ingila neman magani da matata, Hajiya Binta, na sayi ragon suna. Mu biyu muka tafi, mu biyu muka dawo.

Na tura ragon can ma'aikatata don kada in riƙa ganinsa. Ashe mutanen unguwa tumakinsu suke kawo masa barbara. Rannan wani dattijo ya tare ni da fara'a: "Alhaji, barka! Ragonku ya ba mu tagwaye!"

Na koma gida a fusace, na ce gobe a yanka shi.

Hajiya, wadda rabona da jin dariyarta tun Ingila, ta ce, "Haba Alhaji, kishi da rago? Mutum ɗaya ya fitar da gidan nan kunya, shi za ka yanka?"

Na ce, "Da kuɗina na saye shi!"

Ta ce, "To ai jikokinka ne. Sai ka aika da kayan barka."

Muka yi ta dariya har ta koma kuka, kukan da kowa yake ɓoye wa ɗan'uwansa.

Allah bai ba mu haihuwa ba, muna nan tare. Ragon kuwa tsufa ne ya kashe shi.

Ku fa, me ya taɓa ba ku dariya a tsakiyar baƙin ciki?