Sauran Minti Biyun Kawu Bitrus

Duk wanda ya san Kawu Bitrus na Lamorde ya san ko gaisuwa da awo ake yi masa. Kana cewa "ina kwana" ya latsa waya. A shagonsa na gyaran waya ya haɗa manhajar da kansa, agogo ce mai ƙirga lokaci da baya, in ya ƙare ta fashe da kukan akuya.

Fasto ma bai tsira ba. Ana tsakiyar wa'azi akuyar ta yi kuka. Kawu ko kunya babu ya ce, "Fasto, sauran ka ajiye mana sai Lahadi."

Aibin manhajar ɗaya, in batir ya mutu ƙirgar sai ta koma farko. Haka ya sa matarsa, Inna Rahila, ta ƙone tukunyar wake. Ta ce, "Agogonka ba shi da ƙwaƙwalwa, kamar mai shi." Maganar ta ci shi, ya ƙi cin abinci sai da ya gyara. Daga nan, kafin waya ta ɗauke, manhajar kan adana abin da ya rage, in an kunna ta ɗora daga inda ta tsaya. Har gorin waken ya riƙa yi wa Inna.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, Inna ta ce, "Minti goma, in ɗauko tsohuwa a bayan layi." Ya latsa, kamar kullum. Harbi ya matso, jama'a suka kwashe mu har bakin mayo, wato kogi. A nan na ga ya tsayar da ƙirgar, saura minti biyu. Inna ba ta dawo ba.

Wayoyi nawa ya canza bayan mun koma gida, amma kowacce sai ya kwashe minti biyun nan ya zuba mata. Ni haushi ya riƙa ba ni, don ya hana mu ko zaman makoki. Na ce, "Kawu, a yi mata addu'ar rasuwa mana."

Ya harare ni. "Wace rasuwa? Ba ta makara ba tukuna. Duba."

Bara ya rasu, aka ba ni wayar. Na sa ta caji, na kunna, ga minti biyun suna nan. Ni mai yawan bakin, na kasa latsawa.

Allah ya ba shi hutawa. Allah ya sa ya tarar da ita tana jira, ta ce masa shi ne ya makara.