Irin Kuɓewar Mai Tulu

A layinsu Mai Tulu kowa ke ce mata. Shekara ashirin da shida ta yi tana wankin zannuwan gado a asibiti, har tafin hannunta ya koma kamar ɓawon itace. Da ta ajiye aiki sai ta koma wa ɗan filin bayan ɗakinta, taku shida da taku huɗu, a garin da famfo ke kawo ruwa sau biyu a mako, shi ma in ya ga dama.

Amma je ka ga ikon Allah. Ga tumatir, ga alayyafo, ga na'a-na'a a tsohuwar taya, ga kuɓewa a jikin katanga. Dabararta ba a ɓoye take ba, duk wanda ya tambaya sai ta zazzage masa har ya nemi hanyar gudu. Tulun ƙasa take binnewa har wuya a tsakanin shukoki, ta cika shi da ruwan ɗauraya, ta rufe bakin da tsohon faranti. Tulun ya riƙa tsattsafowa a hankali, saiwa ta sha daga ƙasa, rana ba ta samu rabonta ba. Saman ƙasar kuma ta lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa.

"Ƙasa tsirara ba ta riƙe ruwa," in ji ta. "Kuma kada ka ba shuka ruwa da tsakar rana, dafa ta za ka yi."

Abin da ta fi ji da shi kuɓewar nan ce. Shekara goma sha bakwai tana zaɓe. Kowace shekara, gindin da ya fi jure ƙishi shi take ƙyalewa, ba ta tsinkar 'ya'yansa har su bushe a tsaye su zama iri. Na bara duk ta shuka shi, don haka abin da ke tsaye jikin katanga shi ke nan, babu a kasuwa, babu a hannun kowa.

Sai aka kwantar da ita aikin ido, kwana tara. Babban ɗanta, ma'aikacin ofis mai takalmi sai ƙyalli, ya ce zai kula da gida. Wai kula! Mutumin da ko albasa bai taɓa dasawa ba ya leƙa bayan ɗaki, ya ga ciyawa a watse da busassun karare a tsaye, ya ce ai wannan juji ne, gidan sauro. Ya share ciyawar tas, ya tone tulunan, ya tuge busasshiyar kuɓewar ya haɗa ya cinna wuta. Kullum rana na tsaka ya zo ya sheƙa wa ƙasa bokiti biyu, ya tafi yana jin ya biya uwa haƙƙinta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar da ta dawo, da auduga a ido ɗaya, ba ta ko kalli tumatirin da ya yi yaushi ba.

"Ina kuɓewata?"

"Mama, ai sun mutu, busassu ne. Ga sabon iri na sayo miki, dubi hoton." Ya miƙo 'yar takarda mai hoton kuɓewa kore shar.

"Hoto zan shuka? Wannan ta taɓa yin kwana biyar ba ruwa? Da ka tambaye ni bakinka ciwo zai yi?"

"Ni fa gyara na yi, Mama."

Rariya ta ɗauko ta danƙa masa. Ya durƙusa a kan toka da wandon ofis yana tankaɗe, har ya tsinto ƙwaya tara, duk sun yi baƙi. Ta shuka su da hannunta, ta sa shi ya mayar da tulunan. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, ko tsiro ɗaya bai leƙo ba. Ta yi kuka, ba ta kuma ɓoye ba.

Da ya zo gaishe ta, ya tarar ta yage takardar mai hoto tana shukawa, tana tura kowace ƙwaya da ɗan yatsa.

"Zo ka gani da kyau," ta ce. "Wanda ya fi jure ƙishi a cikinsu shi za a bari ya bushe. Baɗi ma haka, har irin ya saba da ƙasar nan."

"To, Mama, Allah ya ba ki sa'a."

"Ni? Kai dai. Ina na ga wasu shekara goma sha bakwai?"