Mai Gudu a Hanyar Lolo

Kowace ranar kasuwar Lolo, da hantsi, sai wani mutum ya ɓullo daga wajen Illo a guje. Inna Rakiya mai suyar kifi ba ta san sunansa ba. Dogo ne, ya rame har farar rigarsa tana kaɗawa kamar an rataye ta a sanda. Ba a jin ƙarar takalmansa. Idanunsa ba sa kan hanya, kullum suna gefen daji suna laluben wurin fakewa.

'Yan kabu-kabu sun ce ciwon hanji gare shi, irin mai lafawa ya dawo, wai gudun na neman taimako ne don masu irin ciwon su sami magani. Ita dai Inna Rakiya, duk sa'ad da ya wuce, sai ta leƙa bayansa ko za ta ga abin da ke korar sa.

Yau ya tsaya cak a gaban rumfarta, dafe da mara, leɓɓansa sun yi fari.

"Ɗan nan, mi ka korar ka?"

"Ba baya shike ba, Inna," ya ce. "Ciki shike."

Haka ɗanta Namadi, Allah ya jiƙansa, yake dafe mararsa, da hannun hagu, yatsu a ware. Ta miƙa masa buta, ya faɗa cikin gonar gero.

Kifinta ya ƙone tana jira. Ko kara ɗaya bai motsa ba. Can ta hango farar rigar ta yi nisa a kan hanya. Butar kuwa ga ta a gindin kujerarta, babu ko ɗigon ruwa a ciki, ba ta kuma ga lokacin da aka dawo da ita ba.