Dakata Mai Hoto da Abin da Ya Rubuta a Bayan Hotunansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran abokina mai ɗaukar hoto, wanda duk unguwa ta sani da Dakata. A kan kujerar shagonsa ya cika, rediyo na magana, tabarau a goshi. Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shi ne ya leƙa aron almakashi, ya yi sallama bai ji amsa ba. Da aka bugo mini waya ban yi kuka ba. Zama na yi a bakin gado, gajiya ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Ni ba mutumin yabo ba ne, Dakata, ka fi kowa sani. Na halarci jana'izar mutane da yawa ana zuba musu kirari, alhali duk wanda ke tsaye a wurin ya san abin da suka yi da amanar da aka ba su. Don haka ba zan ce kai waliyyi ne ba. Kana da taurin kai, ba ka zuwa a kan lokaci, kuma tsaye-tsayenka ne suka kashe mini mota. Ka bar mata da 'ya'ya uku. Ka kuma bar kwalayen hotuna a bayan shago waɗanda saura kaɗan su tafi bola, kuma su ne suka sa na ɗauki biro yau.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni safiyo ne, mai awon ƙasa. Na yi karatu har inda karatu ya tsaya a zamaninmu. Na zana taswirorin hanyoyi aka ninke su aka zuba a durowa, daga ƙarshe aka sallame ni da takardar godiya wadda ko sunana ba a rubuta daidai ba. Kai ka laƙaba mini Digiri, har 'ya'yanka suka taso suna ce mini Baba Digiri, a zatonsu sunan yanka ne. Shekarar da na bar aiki na kulle kaina a ɗaki. Ka zo ka yaye labule ka ce, "Digiri, tashi ka tuƙa ni. Motarka na ruɓewa, kai ma haka." Tun daga nan, duk shekara bayan damina sai ka rufe shago na mako guda mu zaga yankin nan, ni a sitiyari, kai da kyamara a cinya.

Ba ma zuwa inda mutane ke zuwa. Muna cikin tafiya sai ka fara dukan gaban mota kana "Dakata! Dakata!", in taka birki a tsakiyar titi masu manyan motoci suna zagin iyayena. Me ka gani? Gada ce a tsakiyar gona, babu kogi a ƙarƙashinta, babu hanya a kanta, akuyoyi na shan inuwa. Ko tashar jirgin ƙasa da jirgi ya daina zuwa, tela ya kafa kekensa a tagar sayar da tikiti. Ko gunkin kifi a shataletalen wani gari, wanda duk mutanen garin suka yarda takalmi ne. Ni ina ganin asarar dukiyar jama'a, kai kana durƙushe a ƙasa kana neman inda haske ya fi kyau. Wani lokacin kuma sai ka sa mu hau dutse da gwiwoyinmu na tsofaffi don kawai ka ga wani tafki kafin rana ta ɗaga.

Halinka ɗaya da ban taɓa gani a wurin wani mai hoto ba shi ne, duk wanda ka ɗauka a hanya, in shekara ta zagayo sai ka wanke hoton ka kai masa. Akwai mai aski da ya buɗe shago a cikin matacciyar bas, ya bar kujerar direba ta zama kujerar aski. Da muka koma da hotonsa muka tarar ya rasu. Mahaifiyarsa ta karɓa ta daɗe tana dubawa, ta ce ba ta da wani hotonsa sai na katin shaida. A hanyar dawowa ba ka tsayar da ni ko sau ɗaya ba.

Amma ba ka taɓa rubuta sunan gari a bayan hoto ba. Abin da na faɗa a wurin shi kake rubutawa. Bayan hoton gadar nan ka sa, "Wanda ya sa hannu a kan wannan yana nan da ransa." Bayan na kifin ka sa, "Ni dai ba zan fito daga mota ba." Mun sha faɗa a kan haka. Na ce maka wannan ba aiki ba ne, wuri ba shi da daraja in ba a san inda yake ba. Ka ce, "To kai da ka rubuta sunayen, ina taswirorin naka?" Na yi fushi ranar, ka saya mini shayi, muka ci gaba da tafiya.

Bayan an watse daga zaman makoki, babban ɗanka ya kira ni shagon. Ba na ganin laifinsa. Mai ginin yana son wurinsa ƙarshen wata, shi kuma yaron ɗakuna biyu gare shi da iyali. Ya ce, "Baba Digiri, hotunan aure da na makaranta za mu nemi masu su. Amma waɗannan na yawonku fa? Duba nan: 'Allah Ya isa.' Wane gari ne kuma Allah Ya isa?"

Autarka, malamar makaranta, ita ta hana a zubar. Ta ce ɗakin karatu na kwalejin da ke garinmu zai karɓa ya adana, da sharaɗin kowane hoto a san inda aka ɗauke shi. Wanda babu sunan wuri ba sa so. Ta dube ni ta ce, "Baba, kai kaɗai ka rage da ka san hanya."

Haka muka riƙa zama a bayan shagon kullum in ta tashi daga aiki, cikin warin maganin wankin hoto da ya kama bango. Idanuna sun yi rauni, hoton ba ya fita sosai, don haka ita ke karanta mini rubutun. Abin mamaki, da zarar na ji maganata sai wurin ya dawo mini, da mararrabar da muka karya, da garin da ke gaba. Tana karantawa, "Da ni ne gwamna da na ɗaure ɗan kwangilar nan," ni kuma in faɗi sunan wurin, ta rubuta da fensir. Ban taɓa sanin yawan mitar da na yi a duniya ba sai da na ji ta a bakin 'yarka. Wata rana ta ajiye hoto ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Baba, wai duk yawon nan babu inda ya taɓa burge ka?"

Akwai, ashe. Tana ware wasu gefe ba ta faɗa mini ba, sai da muka kusa gamawa ta jawo su. Su ne na tafki da hazo a kansa, da na ruwa mai zubowa daga dutse, da na wata bishiya ita kaɗai a fili rana na faɗuwa a bayanta. Ta ce su ne mafi kyau a cikin kwalayen duka. Na ce ta karanta. Ta juya na farko: "Nan ya yi shiru." Ta juya na biyu, haka. Na uku ma haka.

Na kai su kusa da taga, na sa tabarau a kan tabarau. Biyu ko uku na gane saboda siffar dutsen. Sauran kuwa na san na tsaya a wurin, har ina jin sanyin safiyar a jikina, amma hanyar ta ɓace mini. Babu maganar da zan kama in bi. Autarka ta ce, "Baba, ka faɗi kowane suna mana, wa zai bincika?" Na ce mata na ga abin da rubuta ƙarya a takarda ya yi wa wuraren nan, ba zan ƙara nawa a kan aikin ubanta ba.

Kwalejin ta aiko mota ta kwashe masu suna. Kwali guda ya rage a tsakiyar shagon da aka share. Babban ɗanka ya tsaya yana dubansa, ni ma ina dubansa. Na ce masa wannan ba na bola ba ne, a kai mini gida. Shi da kansa ya kai gidana, ya ɗauka a kafaɗa ya hau da shi bene, ya tura mini ƙarƙashin gado, don babu wani wurin. Mafi kyawun aikinka, Dakata, yana hannun tsohon da ba ya gani sosai kuma bai san inda aka yi shi ba. Haka rabon ya faɗo, na karɓa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ziyarar da ka riƙa kai wa mutanen da ba su da abin ba ka ta zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi haƙurin rufe shago duk shekara ba ta taɓa hana ka ba, da 'ya'yanka, da jikokinka, da maƙwabtanka na layin shaguna. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu da muka rage, mun gaji, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.